Ba Don Ni Ya Zo Layinmu Ba

Masu karatu, ku da kuka dame ni da saƙo wai in yi sauri in kai ku wajen biki, ku ɗan ajiye ɗankwalin ankon tukuna. Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Hapsatu. Gidanmu yana Shagari Low Cost, gidan nan mai mangwaron da ke leƙa katangar maƙwabta. Wanda nake so sunansa Bobboyi, tela ne, shagonsa yana Bekaji. Baba ya riga ya ba manyansa ranar Asabar su zo neman aurena. Abin da zan ba ku ya faru ne Talata da Larabar makon.

Amma sai na koma baya kaɗan, don can bakin zaren yake.

Bara ne, bayan La'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Goggo ta shigo tana wani murmushi. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Dada, mahaifiyata.

"Yaron nan ya sake zuwa," ta ce.

"Wane yaro?"

"Ji ta! Mai shadda ruwan toka. Ya tsaya jikin turken wuta tsakanin ƙofarmu da ta Maman Chimobi, ya dubi nan, ya dubi can, ya shafa hula, ya juya. Jiya ma haka. A layin nan budurwa nawa ce? Saurayi ya sha guga ya zo ya tsaya da la'asar, ai ba wayar wuta ya zo gyarawa ba."

Kafin in ce wani abu ta suri tabarma da kofin ruwa ta yi waje. Ina jin muryarta: "Kunyar ta isa haka, ɗan nan. Zauna, tana fitowa." Na ji yana in-ina, yana cewa, "A'a Goggo, ni dai..." Ta ce, "Duk haka kuke cewa."

Na yafa mayafina mai ruwan ganye na fita. Ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai, gumi na bin kunnensa. Kunnuwa gare shi kamar marfin tukunya, Allah Ya sani su na fara yi wa dariya. Abin da ya iya cewa duk zaman nan shi ne gaisuwar Fillanci, "Jam na?" Na ce, "Jam." Washegari ya dawo. Daga nan bai sake fashi ba.

Maman Chimobi kuwa, maƙwabciyarmu ce. Sunanta Ukamaka, Inyamura ce, Kirista. Ta zo Jimeta ne shekarar da 'yan bindiga suka kama Mubi, da ɗanta a hannu da jaka ɗaya. Mijinta Nwabueze bai taɓa isowa ba. An ce a Mubi ba telar mata kamarta, amma tun da na san ta ban taɓa ganin allura a hannunta ba. Kayan miya take sayarwa a ƙofar gida. Lokacin jinyar Dada ita ke kwana da ita a asibiti, ita ta yi min kitson zaman makoki. In na sa sabuwar rigar da Bobboyi ya ɗinka min sai ta kama bakin rigar ta juya ta duba ɗinkin, ta ce, "Wannan yaro hannunshi na da kyau. Wa ya koya mishi?" Shi kuwa Bobboyi, da ta fito sai ya duƙar da kai kamar zai shige tabarma. Ni a zatona kunyar surukai ce.

Sai Baba. Ƙaninsa ɗaya tilo a hanyar Mubi aka kashe shi a shekarar da aka kama garin. Tun daga nan yake da magana ɗaya da kowa a layinmu ya haddace: "Duk wanda ya ci ko tsinke a cikin masifar nan, kada ya taka min ƙofa." Da maganar Bobboyi ta taso ya sa aka yi bincike har can garinsu. Ba a samo komai ba sai alheri: maraya ne, ya bar makaranta da wuri, ya riƙe mahaifiyarsa da ɗinki.

To, Talata da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Ki biyo shago in kin tashi daga islamiyya. Akwai magana."

Na rubuta, "Ta arziki?" Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

Na sa doguwar rigar da ya ɗinka min da Sallah, atamfa mai zanen ganyen kuka, na ɗora hijabi, na tari Napep. Na tarar ya sallami masu jiran kaya, ya janyo ƙofa rabi. Yana da sabon keke mai amfani da wuta, amma ba a kansa yake zaune ba. Yana gaban tsohon baƙin keken ɗinkin nan na ƙafa, wanda aka naɗe wa wuya da wani shuɗin ƙyalle da ake soke fil a jiki. Sau nawa na ce ya cire wannan tsumman, ya ce a bar shi.

"Hapsatu," ya ce, "ranar da Goggo ta shimfiɗa min tabarma, ba wurinki na zo ba."

Na yi dariya. "To wurin Goggo ka zo? Ai da ka faɗa, bazawara ce."

Bai yi dariya ba. Ya dafa keken. "Wurin mai wannan na zo. Na Maman Chimobi ne."

Jama'a, na nemi kujera na zauna ba tare da na duba ko da ita a wurin ba.

Ya ce a Mubi, da ya daina zuwa makaranta, ƙofar shagonta yake wuni. Ta kore shi ya dawo, ta gaji ta riƙa ba shi fanke tana sa shi zura mata zare a allura. Ranar da gari ya fashe, mutane na gudu, wasu na ɓalle shaguna. Ya tarar an ɓalle nata. Ya ga keken.

"Ba don in cece shi na ɗauka ba, kada ki yi min wannan uzurin. Don kaina na ɗauka. Na ɗora a baro ina turawa, sai ga mijinta ya taho a guje. Na ce yau na mutu. Da ya ga keken sai fuskarsa ta washe, ya dafa kaina ya ce, 'Allah ya yi maka albarka, yaro. Madam tana tasha, kai mata. Ni zan je in ɗauko tsohuwa.' Akwai wata tsohuwa a gidan hayarsu da ba ta iya tafiya. Na ce to. Da na kai mararraba, tasha tana dama, gidanmu yana hagu. Na yi hagu."

Na dubi rigar jikina. Kowane ɗinki a jikinta daga wannan keken ya fito.

"Ka yi istigfari?" na tambaye shi. Muryata kamar ba tawa ba.

"Kullum."

"To shi ke nan! Allah Ya rufa maka asiri. Malamarmu ta ce gafara a Larabci asalinta rufewa ne, har hular ƙarfen da mayaƙi ke rufe kansa da ita daga nan sunanta ya fito. Abin da Allah Ya rufe, wa ya aike ka ka buɗe? Ka ba mai Napep ya ajiye mata a ƙofar gida ya tafi. Kayanta ya dawo, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Kada ku zarge ni. Asabar nake hangowa, da fuskar Baba.

"Da wannan maganar na yi ta lallashin kaina," ya ce. "Sai makon jiya Modibbon da nake ɗaukar karatu wurinsa a Wuro Hausa ya zo kan kalmar tauba. Ya ce mu mun ɗauka tuba kuka ne da cizon yatsa, alhali asalin kalmar juyowa ne, mutum ya dawo hanyar da ya bari. Ya ce mai cewa ya tuba bai juyo ba, kamar wanda ya hau motar Numan ne yana ta rantsuwa Yola za shi. Ɗalibai suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na san mararrabar da na kauce."

"Bobboyi..."

"Bayan karatu na tambaye shi, ban kama suna ba. Ya ce abin da ke tsakaninka da Allah, Yana rufewa, kuma Yana so ka bar shi a rufe. Amma haƙƙin mutum, murfin yana hannun mai shi. Kuma Hapsatu, ba keke kaɗai na riƙe mata ba. Maganar mijinta ta ƙarshe tana wurina. Ita ma mai Napep zai ajiye mata a ƙofa?"

Sai na kama faɗa. "To ka bari sai bayan biki mana! Ka yi shekara goma kana jira, sati nawa ne?"

"Ita fa za ta tsaya miki a matsayin uwa ranar. Ta rako ki ɗakina, ta sa mana albarka, keken yana bayan labule?"

"Ka san abin da Baba zai ce?"

"Na haddace."

"Wato ka zaɓi keke a kaina."

Na fita ko sallama ban yi ba. A Napep na yi kukan da mai tuƙin ya rage sautin rediyonsa.

Ina shiga gida wa zan gani? Maman Chimobi a tsakar gidanmu, ta ɗaura zani a ƙirji kan rigarta, ita da Goggo suna suyar cincin na baƙin Asabar. Gari har goshinta.

"Amarya!" ta ce. "Me ya sa fuskanka kamar tuwon jiya? Kun yi faɗa da mai kunne? Bar shi, in ya zo Asabar zan ja mishi kunnen, akwai wurin kamawa."

Goggo ta tuntsire da dariya. Maman Chimobi ta ɗebo cincin mai zafi ta zuba min a tafin hannu, kamar yadda take yi tun ina ƙarama. Na kasa kai ko ɗaya baki. Matar nan da nake shirin a ajiye wa kaya a ƙofa kamar shara, ita ce ke ƙona yatsunta saboda bikina.

Bayan Magariba saƙonsa ya shigo.

"Akwai kalma ta uku da Modibbo ya faɗa. Afuwa. Ya ce ita ce iska ta bi kan yashi ta shafe sawu, har ba a gane an taɓa bi ba. Ya ce wannan ba a ƙwatarta, roƙonta ake yi."

Wani saƙon ya biyo.

"Ya ce Allah ma Ya kira kansa Mai yawan juyowa, kuma Shi ke fara juyowa ga bawa kafin bawa ya iya juyowa. Na yi ta tunani. Ranar tabarmar nan na riga na yanke ba zan sake zuwa layinku ba, tsoro ya ci ni. Sai aka ɗaure ni a layin da ke. Ba don ke na zo ba, gaskiya ne. Amma ba don ke ba da ban dawo ba."

Na karanta ya fi a ƙirga. Na rubuta "Ka cuce ni," na goge. Na rubuta "Allah Ya isa," na goge. Daga ƙarshe na tura: "Yaushe?"

"Gobe da hantsi."

"Baba yana waje a lokacin."

"Na sani."

Laraba da hantsi Baba na kan kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, rediyo a cinya. Ni ina bakin ƙofa ina sharar da ba ta da dalili. Napep ta tsaya jikin turken wutar nan. Bobboyi ya fito cikin shaddarsa ruwan toka, ita dai ta ranar farko. Shi da mai Napep suka sauke keken.

Baba ya sauke tabarau. "Bobboyi, lefen tun yau? Kuma da keken ɗinki aka fara?"

Ya je ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ba gidan nan na zo ba. Amma ina roƙo ka matso ka ji abin da zan faɗa."

Ya je ƙofar Maman Chimobi ya yi sallama. Ta fito da tiren tumatir za ta jera a tebur. Ba shi ta fara gani ba, shuɗin ƙyallen ta gani. Tiren ya suɓuce, tumatir ya bazu har bakin kwata.

"Chineke!"

Ta matso a hankali kamar keken zai gudu. Ta shafa ƙyallen. "Wannan zanin aurena ne. Ni na yaga da hannuna." Ta ɗago. "Ina ka samu?"

Ya zube gwiwa biyu a cikin ƙasa ya faɗa mata. Bai rage komai ba. Bai ce yarinta ba ce, bai ce yunwa ba ce. Ya ce, "Sata na yi, Madam."

Ta ƙura masa ido, ta dubi kunnuwan. "Kai ne yaron allura? Kai ne nake ba fanke? Shekara guda kana zama a ƙofana kana ɓoye fuska!" Ta buga teburin keken da tafin hannu. Goggo ta fito da gudu ba ɗankwali. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Sai muryarta ta sauka. "Ka ga mijina ranar?"

"Na gan shi."

Ya maimaita mata maganar, kalma bayan kalma. Madam tana tasha, kai mata. Ni zan je in ɗauko tsohuwa.

"Tsohuwa," ta ce. "Mama Debbie." Na ruga na riƙe ta muka zauna a dakali. "Ni na ce ya koma. A tasha na riƙe rigarshi na ce ba zan shiga mota ba sai da kekena. Duk shekarun nan na ce ni na kashe shi saboda ƙarfe. Shi ya sa ko maɓalli ban sake ɗinkawa ba. Ashe ya gama da maganar keke. Ashe mutum ya je ɗauka." Ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, rabi kamar an sauke mata dutse, rabi kamar an ɗora. Ta nuna Bobboyi da yatsa. "Kai ka san wannan, ka bar ni da shi!"

"Na bar ki da shi, Madam. Ba ni da abin cewa. Afuwa na zo roƙo, in kin ga dama."

Na saci kallon Baba. Ya kashe rediyo ya miƙe tsaye, jijiyar goshinsa ta fito. Goggo ta ce wa yayanta, "Hamma, don Allah..." Ya ɗaga mata hannu.

"Kowa a layin nan ya san maganata," ya ce. "Ko tsinke na ce. Wannan ya wuce tsinke." Zuciyata ta tsinke. Ya dubi Bobboyi a durƙushe. "Na aika bincike har Mubi, ba wanda ya san wannan. Da ka rufe bakinka, da Asabar na ba ka 'yata ina murna." Ya ja numfashi. "Rantsuwata na yi ta ne don waɗanda aka zalunta. Ba zan shiga gabansu ba. Ukamaka, maganar Asabar tana hannunki. In kin ce su zo, su zo. In kin ce a'a, ko Hapsatu za ta yi kukan jini, an gama."

Masu karatu, kun taɓa jin layi guda ya yi tsit har kana jin kukan kaza a gida na uku?

Ta share fuska da bakin zani, ta jawo bencin da take zama a kai, ta zauna gaban keken. Ta ɗora ƙafa ta taka. Ya ɗauka nan take, lumui, ba ko gargada. Ta tsaya.

"Kana sa mishi mai."

"Kullum, Madam."

Ta tashi ta shige gida. Ba wanda ya motsa. Bobboyi na durƙushe, ƙasa ta ɓata masa shadda. Na fara jin ƙila ta kulle kanta ne, ƙila amsar ke nan. Sai ga ta da tsohon tef ɗin awo a wuya, lambobinsa sun koɗe, da ƙwaryar zare a hannu.

"Hapsatu, zo nan. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta zagaya tef ɗin a ƙirjina, ta sauko ƙugu, tana motsa leɓe. Goggo ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa.

"Goggo, tsaya!" ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Ban ce na yafe ba. Awo nake yi."

Goggo ta haɗiye guɗarta. Baba ya koma kujerarsa bai kunna rediyon ba.

Maman Chimobi ta miƙa wa Bobboyi zaren. "Kai, tashi. Idona ba ya gani kamar da. Zura min."

Ya tashi ya sunkuya kan allurar. Mutumin da ke zura zare yana hira yana kallon titi, yau kafar allura ta gagare shi. Ya gwada, zaren ya lanƙwashe. Ya lasa ya sake, ya wuce ta gefe.

Ta harɗe hannu a ƙirji, tef ɗin na lilo a wuyanta.

"Sake," ta ce. "Ina jira. Ai na saba."